Ranar da Uwar Dila Ta Sayar da Kwat ɗin Mijinta

Shekara ashirin da shida shagona yana jingine da na Uwar Dila, bango ɗaya ne tsakaninmu, shi ma na katako. In ta yi atishawa ni ke amsa mata. Ita tana sayar da gwanjo, ni ina gyarawa. Mutum zai sayi wando ya yi masa tsawo, sai ta ɗaga murya ta ce, "Tela, ga naki nan!" ya zagayo wurina in rage masa. Ta girme ni da shekara biyar, don haka Yaya nake ce mata ko da muna faɗa. Kuma muna yi, kusan kullum, yawanci a kan tsintsiya.

A lokacin layinmu shagunan gwanjo ne tun daga bakin titi har gindin famfo. Yanzu rabinsu sun koma na masu sayar da waya, ita ma gwiwa ta zaunar da ita a gida, 'yarta ke riƙe da shagon. Amma a da, in ka shigo da safe sai ka sunkuya, don riguna ne rataye daga wannan rumfa zuwa waccan, kana tafiya hannun suwaita yana shafa maka kai. Akwai wani wari da sabuwar dila ke yi in an yanke ƙarfen da ya ɗaure ta, ba ƙamshi ba ne, ba kuma ɗoyi ba. Har gobe in na ji shi sai yunwa ta kama ni, don ranar buɗe dila ce ranar da kowa a layin ke cin abinci mai kyau.

Ba da shago ta fara ba. Da tabarma ta fara a bakin tashar mota, tana budurwa, da tsibin safar jarirai wadda rabinta ba ta da 'yar'uwa. Sai ta haɗa shuɗiya da wadda ta kusa zama shuɗiya, in uwa ta yi ƙorafi ta ce, "Haba, uwar yara, shi jaririn duba ƙafa yake yi?" Da wannan bakin ta tashi daga tabarma zuwa tebur, daga tebur zuwa shago, har ta kai ita kaɗai ke sayen dila guda ba haɗin gwiwa. Daga nan sunan ya bi ta.

Takarda da ƙyar take karantawa, amma miƙa mata riga ka ga karatu. Za ta juya ta, ta duba kwala, ta shinshina, ta ce, "Mai wannan bahago ne, dubi hannun hagu ya fi cinyewa." Ko ta ɗaga siket ta ce, "Baiwar Allah nan ramewa ta yi, ga inda ta matso da maɓalli har sau biyu, Allah ya sa ba ciwo ba ne." Ba ta sayar da kaya mai kyau sai ta ba mai saye labarin wanda ya taɓa sa shi. Mutum ya shigo neman singileti, ya fita da jaket da tarihin wani likita mai fama da ciwon baya. Na sha ce mata, "Yaya, ki ji tsoron Allah, rabin wannan ƙarya ne." Sai ta ce, "To ɗaya rabin fa?"

Abin da ta fi taƙama da shi kuwa shi ne ba ta manta kayan da ya bi ta hannunta. Na ga ranar da ta tare wani babban mutum a tsakiyar titi, yana tare da abokansa, ta ce, "Alhaji, jaket ɗin nan nawa ne, shekara huɗu ke nan. Ina maɓallin ƙasa?" Bawan Allah nan ya gaya wa abokan nasa daga waje aka kawo masa. To, ba ƙarya ya yi ba.

A gidanta ake wanke kayan a goge, a jera su a kan wata doguwar igiya a baranda. Da safe ta bi igiyar ta kwashe kaf, ta ɗaure a zani, sai shago. Ba ta dubawa, don a wurinta duk abin da ke kan igiyar nan na kasuwa ne. Duk gidan sun san dokar, duk gidan kuma sun taɓa mantawa. An yi ranar da 'yarta ta zo da gudu ta fizge siket ɗin makaranta daga hannun wata mata ana cikin ciniki. Hulunan mijinta kuwa Allah kaɗai ya san kawunan da suke kai yanzu.

Mijin nata direba ne, shi ke jan motar ma'aikata a wani kamfanin sabulu, kowa Direba yake ce masa. Mutum ne dogo, marar magana, in ya ce maka "to" ya gama jawabi. Matar da ke iya yabon tsohon wando har mai saye ya ji kunyar barinsa, ban taɓa jin ta yabi wannan bawan Allah ba. "Tsohon nan" take ce masa tun gashinsa yana baƙi. In ya sayo kifi ta ce ƙanana ne, in ya sayo manya ta ce an cuce shi. Shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya kunna rediyo.

Abokin gabarta ɗaya ne a duniya, shagon sadaka da ke ƙarshen layi, dab da famfo. Wata ƙungiyar mata masu kula da marayu ce ta buɗe shi. Mutane su kai kayan da ba sa so, su kuma su wanke, su liƙa wa kowanne 'yar takardar farashi, araha kamar me, kuma ba ciniki. Wannan rashin cinikin ne ya fi ƙona mata rai.

"Ka biya, ka karɓa, ka fita? Wannan ai asibiti ne, ba kasuwa ba," in ji ta. Ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Ko ruwa za ta ɗiba a famfo, bayanta take juya wa ƙofarsu.

To, wata Talata da hantsi Mai Kemis na bakin titi ya shigo wurinta. Ina kan keke ina ɗinki, ƙara ta hana ni jin abin da take cewa, amma na ji ta daɗe tana zuba, na san kaya mai kyau ne ya samu. Can sai ga shi ya zagayo da kwat ruwan ƙasa, yadi mai kauri, irin wanda ba a yi yanzu. Mai Kemis gajere ne, hannun kwat ɗin ya rufe masa yatsu. A ƙa'idata ba na yanke kayan gwanjo, ninkewa nake yi ciki, don ba ka san wa zai gaje shi ba. Amma yadin nan ya yi kaurin da in an ninke zai yi tudu. Na sa almakashi na cire yatsa huɗu a kowane hannu, na kalmashe, na goge. Ƙyallen kuwa na share shi da sauran shara, mai kwasa ya tafi da shi kafin la'asar.

Washegari ta iso ba ƙunshin kaya, ɗankwali a karkace. Ba ta buɗe shagonta ba, ta shigo nawa ta zauna a kan kujerar masu jira.

"Tela, na kashe kaina."

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

"Kwat ɗin jiya. Na tsohon nan ne."

Na ce to mene ne, ai ba yau aka fara ba, a ba shi wani. Ta kalle ni kamar na zage ta. A nan ta ba ni labarin da duk zamanmu ba ta taɓa ba ni ba. Shekara talatin da uku da suka wuce, tana kan tabarma a tasha, wannan kwat ɗin shi ne babban kaya na farko da ta taɓa samu. Wani dogon saurayi ɗan kamashon mota ya zo ya taya. Kwana uku yana dawowa yana ciniki, kullum ya ƙara kaɗan ya tsaya yana kallon ƙasa. Ran na huɗu ya saya, ran na biyar ya dawo ba abin da zai saya. Shekarun farko na aurensu kullum sanyi ya sauko yana jikinsa. Daga baya ya ninke shi ya sa a akwatin ƙarfe da kafur, ya fi shekara ashirin ba ta sa shi a ido ba. Yanzu ga shi ya gama aiki, gobe Alhamis kamfani zai yi masa taron sallama, a ba shi takarda a ɗauki hoto. Shi ne ya fito da abinsa ya goge da kansa, ya rasa inda zai rataya kada ya yamutse, ya sa a igiyar baranda.

"Jiya da yamma na shiga ɗakinsa na ga akwatin a buɗe, ba komai sai kafur."

"Shi me ya ce?"

"Bai ce komai ba! Ya ci abinci, ya ji labarai, ya ce mini sannu da aiki. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi." Sai ga hawaye. "Ni da nake tare mutane a titi, Tela. Na riƙe rigar nan a hannuna, na juya ta, na shinshina ta, ban gane ta mijina ce ba. In ya san ban gane ta ba, da wane ido zan kalle shi?"

Wallahi tausayinta ya kama ni, don ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da ruwa ya shiga shagonta. Amma akwai nawa laifin, kuma gara a yi ta ta ƙare.

"Yaya, na rage hannun."

"Ai sai ki warware."

"Yankewa na yi."

Hawayen suka tsaya cak. "Kin yanke? Ke da kike cika mana baki ba kya yanka? Sai a kan kwat ɗin mijina hannunki ya yi ƙaiƙayi?"

"Ni na kwaso shi daga igiya?"

Muka yi ta har maƙwabta suka fara leƙowa. Da muka gaji ta gyara ɗankwali ta ce, "Tashi mu je." Na rufe keke na bi ta.

Mai Kemis yana ganinmu ya fara sosa ƙeya. Ta gaishe shi gaisuwar da ba ta saba ba, har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce kwat ɗin jiya kuskure aka yi, ya dawo da shi ya zaɓi duk wanda ransa ke so a shagon, ko biyu ne.

"Wayyo, Uwar Dila, da kin zo jiya. Ina kai shi gida uwargida ta toshe hanci. Ta ce warin akwatin kakanni yake yi, kuma wai irin wannan ɗinkin tun kafin a haife ta aka daina."

"Ta san ɗinki ne? Wa ya koya mata?"

"Ki yi haƙuri. To, dama ta tara wasu kaya za ta kai wa masu marayu, shi ne ta haɗa da shi. Tun jiya da yamma yana can."

"Can ina?"

Ya nuna ƙarshen layi da baki.

Daga kemis zuwa famfo tafiyar minti uku ce, mun yi ta a goma. Ta tsaya ta gyara takalmi, ta tsaya ta gaisa da mai guga wanda ba sa shiri. A bakin ƙofar ta ce ni in shiga in sayo, ita ta jira. Na ce a'a, ni ba mijina ba ne. Gaskiyar magana kuwa ina da nawa dalilin na rashin son mu shiga tare, amma ban yi saurin tunani ba. Ta ja numfashi, ta yi bisimilla, ta ɗaga labule.

Muna shiga matar da ke kan tebur, wadda ake kira Sakatariya, ta washe baki.

"A'a, Tela! Kwana biyu. Maɓallan da kika ce a tara miki suna nan, har da labulen nan mai furanni na ajiye miki."

Shekara shida ina zagayowa ta bayan layi ina sayen maɓallai da zif a wurin nan, cike da gwangwani a kuɗin da bai kai na ƙwaya goma a kanti ba. Rabin maɓallan da na ɗinka a kayan Uwar Dila daga nan suka fito. Ta juyo a hankali ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Za mu yi magana," in ji ta.

Shagon tsaf yake, fanka tana juyawa, an jera kaya kala-kala, kowanne da 'yar takardarsa. Na ga idonta yana bin layin riguna, hannunta har ya kai kan wata atamfa ya shafa kafin ta tuna inda take ta janye. Ta tambayi inda kayan maza suke, aka nuna mana can ciki, bayan wata kanta. Muka zagaya.

Akwai dogon madubi a jingine da bango. A gabansa wani dogon mutum ne tsaye, ya ba mu baya, sanye da kwat ruwan ƙasa. Wuyan hannunsa duk biyu a waje, har agogonsa, takardar farashi tana lilo a gwiwar hannu. Ta madubin ya gan mu.

Direba ne.

Ni dai na nemi inda zan ɓuya na rasa, sai na kama wani wando ina dubawa kamar saye zan yi.

"Malam," in ji ta. Rabon da in ji ta kira shi haka na manta. "Me kake yi a nan?"

"Mai kama da rigar nan na zo nema." Bai juyo ba. "Da na ga igiya ba komai na san kin kwashe. Na ce in na sa wata ruwan ƙasa gobe, ba za ki lura ba, ba sai ranki ya ɓaci ba. Duk layin nan kuma nan ne kaɗai zan shiga labari bai kai miki ba."

Ya shafa gaban kwat ɗin. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa, kuma bai gama ba.

"Kwashewa ba komai, na saba. Amma sadaka? Har ta lalace haka a idonki, ba ta sayuwa?"

"Sadaka?" Muryarta ta dawo gaba ɗaya, har Sakatariya ta leƙo. "Wa? Ni? Wallahi tallahi ban ba da ita sadaka ba, sayar da ita na yi! Lamba ɗaya na sa ta, a gaban shago, saman kowa! Ko awa biyu ba ta yi a rataye ba! Tambayi Tela! Matar Mai Kemis ce ta kawo ta nan, wadda ba ta san yadi ba!"

"Gaskiya ne," na ce daga bayan wandon. "Hannun kuma ni ce, Malam, ka yafe ni."

Ya juyo. Fuskarsa ta ɗan saki, amma bai yi dariya ba.

"Lamba ɗaya?"

"Lamba ɗaya."

"Ba ki gane ta ba ke nan."

Ta sunkuyar da kai. "Ban gane ta ba." Ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba, ita da ke da uzuri ko a kan gishiri in ya yi yawa.

Ya kalli agogonsa da ke waje. Can ya ce, "Kin ba shi labarin mai ita?"

"Na ba shi."

"Me kika ce?"

"Haba, Malam, a nan? Mu je gida."

"A nan."

Ta dubi Sakatariya, ta dubi wasu mata biyu da suka daina zaɓen kaya suka kasa kunne, ta dube ni. Ba wanda ya taimake ta. Sai ta matsa kusa da shi, ta kama kwalar kamar yadda take yi a shago, don ba ta iya maganar kaya hannunta ba ya kai.

"Na ce mai wannan ba mai kaya da yawa ba ne, amma ya san riƙon abu. Dubi kwala, ta tsufa amma gumi bai ci ta ba." Ta buɗe gefen hagu. "Na ce aljihun ciki ya taɓa yagewa, da kansa ya ɗinke. Ɗinkin namiji ne, a karkace, da baƙin zare. Ke nan mutum ne da ba ya son ɗora wa kowa wahalarsa, ko matarsa." Hannunta ya hau kafaɗar dama. "Na ce nan ya fi nan sauka, yadin ya yi santsi. Ba kaya ne ya yi wannan ba, yara ne. Ya sha ɗaukar 'ya'yansa a kafaɗa."

Ta tsaya.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Na ce irin wannan mutumin in ya riƙe abu ba ya saki." Muryar ta koma ƙasa-ƙasa. "Na ce duk matar da ta same shi ta gama sa'a a duniya. Na ce Allah ya sa ta sani."

Ni, Tela, mai bakin da ba ya mutuwa, na goge ido da ƙafar wandon mutane. Sakatariya ta koma tebur tana fyace hanci. Direba kuwa ya ja hannun kwat ɗin ƙasa, ya ƙi zuwa, ya bar shi. Na ce ya ba ni zuwa yamma, zan nemo yadi mai kama in yi masa ƙari, ba wanda zai gane.

"Bar shi, Tela. Ya yi daidai. Haka zan je."

Sannan ya sunkuyo wajen matarsa, ya kai tafin hannu bayan kunne.

"Fankar nan da ƙara take. Na ƙarshen nan ban ji sosai ba."

"Tsohon nan, ka ji tsoron Allah!"

Bai sauke hannun ba. Ta harare shi, ta gyara tsayuwa, ta sake faɗa masa tun daga kan matar da ta same shi, da muryar da take kiran masu saye, har waɗanda ke ɗibar ruwa a famfo suka juyo.